Ciyawar Chappal Waddi ba ta fadama ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na daren Lahadi. Baƙon nan naku ya zauna yana alfahari wai da suka tashi saukowa daga dutsen Chappal Waddi, shi da abokansa sun bar hanya sun yanke ta gangare, sun riga kowa isowa ƙasa, mai gabatarwa kuma sai zuga shi yake yi. Da wata baiwar Allah ta bugo waya ta nuna rashin dacewar haka, sai ya ce ai ciyawa ce, damina ɗaya za ta tofo. Ba wanda ya ce masa uffan.

Shekara tara ina ɗaukar wa baƙi kaya daga ƙauyen Njawai zuwa kan dutsen nan mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya. Ƙasar can sama ba ta da kauri, saiwar ciyawa ce kaɗai ke riƙe da ita. Mutum goma su bi wuri ɗaya da manyan takalmansu, ciyawa ta kwanta. Na bayansu su ga sawu, su ɗauka hanya ce. Kafin ka ankara wurin ya yi tauri kamar daɓen ɗaki, ruwa ya kasa shiga, sai ya bi sawun ya gangara da ƙarfi yana kwasar ƙasa.

Da idona na gani. Akwai wata kwana da wasu samari suka ƙi jin maganata suka yanke, don kawai su ɗauki hoto a bakin gangare. Na roƙe su, ɗaya ya ce min kuɗinsa ya biya. Bayan damina uku na koma na tarar da rami har gwiwata, jar ƙasa da tsakuwa, ko tsinke bai fito ba. Yanzu kowa kauce wa ramin yake yi ya taka gefe, gefen ma ya fara cinyewa. Hanyar da a da mutum ɗaya ke bi, yau uku za su jera. Na san kofaton shanu ma yana nasa, amma saniya ba ta shiga rediyo ta koya wa wasu.

Tun 1991 aka mayar da Gashaka-Gumti, inda dutsen yake, gandun daji na ƙasa, kuma ruwan da ke sauka daga tsaunukan nan shi ke shiga kogin Taraba har Binuwai. Ku nemo jagoran da ya san dutsen ya yi magana a wannan filin, ya gaya wa matasa su tsaya kan hanya ko da taɓo ne.

Sannan don Allah, me ya sa kuka mayar da shirin daidai lokacin sallar isha'i? Dattawanmu da yawa sun daina samunsa, ni ma rabi na tarar ranar nan.

Naku,
Mai sauraronku daga Nguroje