Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kimiyya da Fasaha: bagaruwarmu na jiran injiniya

Mai girma Minista, bayan gaisuwa. Ni baduku ne ɗan baduku a birnin Kano, jaka da takalmi nake ɗinkawa, kuma ƙorafi ne ya kawo ni.

Ranka ya daɗe, ka tuna 2021, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan zamani, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata. An ce mana harkar za ta kawo sama da dala biliyan ɗaya zuwa 2025. Mun yi tafi. To, ni dai a rumfata ban ga ko ƙurar biliyan ɗin ba, ƙila ta bi ta wata hanyar.

Ba kuɗin ne damuwata ba. Damuwata ita ce mutum uku da ya kamata su zauna kan tabarma ɗaya, har yau kowa na can nasa lungun. Masanin sinadarai yana cibiyar binciken fata ta Samaru a Zariya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatarka. Injiniya yana jami'a yana zane a kwamfuta. Mu da ke riƙe da wuƙa da basilla, waɗanda muka san irin laushin da fatar jaka ke so da irin taurin da ƙasan takalmi ke buƙata, ba a neman mu sai ranar baje koli, a ɗauki hoto a watse.

Dubi bagaruwa. Tun kaka da kakanni da ita majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta tsallaka Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. A rina ta da karan dafi ta fito ja jawur. Amma har gobe a turmi ake daka ta, a auna da ido. Shi ya sa in na sayi fata goma, uku su yi laushi, huɗu su yi tauri, sauran kuma launinsu ya saɓa. Mai saye daga waje da ya ce in yi masa jaka ɗari iri ɗaya, me zan ce masa? Na taɓa mayar da irin wannan cinikin, ina ji ina gani.

Manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa kuwa sinadarin kuromiyam suka runguma, don ya fi sauri. Ruwan da ke fita daga can, kowa a Kano ya san warinsa, kuma ya san a ƙasan rafin da ruwan ke zuba akwai masu noman lambu. Alhali masu saye a Turai yanzu fatar da aka jeme da tsiro suke ƙara nema. Abin yana hannunmu, muna kallo.

Don Allah, ranka ya daɗe, abin ba wuya. Masani ya tace ruwan bagaruwa ya fitar da ma'auni tsayayye. Injiniya ya ƙera mana injin niƙa da gangar jima da maƙeranmu za su iya gyarawa in ta lalace, ba wadda sai an jira kayan gyara daga waje ba. Mu kuma mu gwada, mu ce nan ta yi, nan ba ta yi ba. Batun wuta da na bashi na bar su sai wani jiƙon.

In za a kira zaman, kada a kai shi otal a Abuja. A zo Ƙofar Wambai, mu za mu shimfiɗa tabarmar.

Naka,
Wani baduku daga Kano