Kada a kori mai busasshiyar zuciya daga sahu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da malamanmu masu wa'azi, cikin girmamawa. Da zarar azumi ya wuce, sai ka ji samari suna kukan sallah ta daina yi musu daɗi, suna addu'a ba sa jin komai a ƙirji. Amsar da suka fi samu ita ce zunubi ne ya toshe zuciya. Wani lokaci haka ne. Amma na san yaron da wannan amsa ta sa ya ajiye sallar gaba ɗaya, wai tunda ba karɓa ake yi ba.

Ni ba malami ba ne, direba ne. Na daɗe ina jan babbar mota daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, ta cikin Tenere. Can ruwan jarka na sha ne da na lagireto, ba mai taɓa shi don alwala. Sai mu bugi ƙasa mu yi taimama, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta halatta. Buzaye masu ayarin gishiri, da ke kai gero Fachi da Bilma su komo da kantu da dabino, haka suke yi mako da mako. Ban taɓa jin malamin da ya ce sallarsu ba ta kai ta mai famfo a tsakar gida ba.

Wanda ya tanadi hukunci don ranar da babu ruwa, ai Ya san akwai ranar da bawa zai tsaya gabanSa ba ɗigon hawaye. Manzon Allah (SAW) ma wahayi ya taɓa jinkirta masa har mushrikai suka yi gori, sai Suratud Duha ta sauka cewa Ubangijinka bai yi maka ban kwana ba, kuma bai ƙi ka ba. Sahabi Hanzala ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana cewa ya zama munafuki, don zuciyarsa na yin sanyi in ya koma cikin iyali. Ba a kore shi ba, an ce masa sa'a da sa'a, wato akwai lokacin wannan, akwai lokacin wancan.

Masu cewa hamada wurin natsuwa ce, yawanci a hoto suka gan ta. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, galibi mata da yara 'yan Kance ta jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu. Sallolina a hanyar hamada, rabin hankalina na kan taya da injin, bakina a bushe. Duk da haka ban taɓa jin ni kaɗai ne a wurin ba.

Roƙona, Malam, in yaro ya kawo wannan kuka, a fara tambayarsa barcinsa, da bashin da ke kansa, da ko yana da aikin yi. A ce ya riƙe farilla ko da ba ya jin komai. Kai kuma Edita, ka ba malamai shafi su warware mana hukuncin taimama da ƙasaru, don matafiya da yawa ba su san sauƙin da aka yi musu ba.

Naka,
Tsohon direba,
Damagaram.