Barka da Sallah daga Guangzhou

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana da rai da lafiya. Mu nan ƙasar Sin mun riga ku da awa 7, shi ya sa lokacin da muka sallame Idi a masallacin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ku ko asalatu ba a kira ba a Birnin Damagaram.

Inna, Yaya ya gaya mini kun ce tunda jirgi ne, me zai hana in leƙo ko na kwana biyu. Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ba na so ku ɗauka gida ne ya fita raina. Wallahi nisa ne.

Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa Nijar. Sai mutum ya fara sauka Addis Ababa ta Habasha, wajen kilomita 8,000, awa 10 da wani abu yana zaune a sama. Dawowa gida ma ta ɗan fi tafiya daɗewa, saboda iskar can sama daga yamma take kaɗowa, jirgi yana kutsawa cikinta. A Addis a yi jira, sannan a kama na Yamai, kusan kilomita 4,000, awa 5 zuwa 6.

To, an sauka filin Diori Hamani, mutum ya shaƙi iskar ƙasarsa, amma Damagaram na can wajen kilomita 900. Baba ya san hanyar nan fiye da ni: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa. In motar bas ta tashi da asuba, sai dare take shiga gari. Wato lokacin da jirgi ya ci daga Sin zuwa Habasha bai kai wanda mota za ta ci a cikin ƙasarmu ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Kafin in huta, hawan Mai Martaba ya wuce, an gama rabon nama, lokacin juyawa ya yi, ga kayan mutane a hannuna ban gama ɗorawa ba.

Shi ya sa na fi son hanyar Kano. Daga Addis akwai jirgin Kano, daga can zuwa gida kilomita 240 ne ko kusa, ta Daura da Matamaye. In Allah ya yarda ta nan zan biyo da zarar kwantena ta tashi, kuma in zauna sosai.

Na turo ɗan goron Sallah ta hannun Yaya, a ba yara nasu, a kai wa Gwaggo nata a Zango. Inna, don Allah a soya mini rabona a ajiye cikin mai. Ku gaida Kawu da maƙwabta duka, ku ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku na Sin