Wasiƙa Zuwa Ga Ɗiyata Mai Cikin Fari

Ɗiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma jikin yana yi miki sauƙi. Tun ranar da kika gaya mini cewa kin shiga darasin shayarwa ta intanet, amma har yanzu zuciyarki tana ɗar-ɗar, nake ta juya maganar a raina, har na ga gara in rubuto miki a natse domin ki riƙa komawa gare ta bayan kin sauka.

Na ji daɗi ƙwarai da kika fara neman sani tun kafin haihuwa, domin mai jego ba ta da natsuwar koyon sabon abu, ga gajiya ga rashin barci. Gani ya kori ji, kuma bidiyo mai kyau zai nuna miki abin da ni ban samu wanda ya nuna mini ba sai da na sha wuya: yadda jariri yake wage baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon. Idan kan nono kaɗai ya kama, za ki ji zafi, wurin ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ki kalli wannan sashe sau da yawa, ki gwada riƙon da matashi ko 'yar tsana, har hannuwanki su saba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Babban dalilin da yake sa mata da yawa su daina shayar da nono zalla da wuri shi ne zaton cewa ruwan nononsu bai isa ba, alhali a mafi yawan lokuta ya isa. Ni ma na faɗa wannan rami a dare na uku bayan haihuwarki, kina kuka ina kuka, na tabbatar wa kaina cewa yunwa nake bar ki da ita. Wata ungozoma ce ta zauna kusa da ni ta bayyana mini cewa dakashin nan mai kauri, mai launin rawaya, da ke fitowa kaɗan-kaɗan a kwanakin farko, daidai yake da cikin jariri wanda bai fi ɗaukar 'yan cokula ba, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke kare shi daga cututtuka. Washegari nonon ya kawo. Ruwan nono yakan ƙaru ne tsakanin kwana na 2 zuwa na 5, kuma yawan tsotso ne yake sa jiki ya ƙara samar da shi, shi ya sa jariri sabon haihuwa yake neman nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24.

Saboda haka idan shakka ta zo miki, ki duba jaririn kafin ki duba waya. Idan kina jin ƙarar haɗiyarsa, yana jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a yini daga kwana na 5, kuma ya dawo nauyinsa na haihuwa cikin kamar mako 2, to yana ƙoshi. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko abu ne da aka saba gani. Waɗannan alamomi su ne za su kwantar miki da hankali ranar da masu ba da shawara suka yi miki yawa.

Game da intanet kuwa, ina roƙon ki da ki tace abin da kike ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi nono zalla har wata 6 ba tare da ko ruwa ba, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Duk darasin da ya saɓa wa wannan, ki tambayi ma'aikaciyar lafiya ranar awon ciki kafin ki yarda da shi. Tun 1981 aka kafa ƙa'idar duniya da ta taƙaita tallar madarar jarirai, amma a 2022 hukumar ta fitar da rahoto kan yadda kamfanoni suke bin mata masu ciki har cikin wayoyinsu, ta ƙungiyoyin iyaye da shahararrun masu shafuka. Wannan abu yana ɓata mini rai, domin suna cin riba ne da tsoron mace. Ki riƙa duba wanda ya ɗauki nauyin darasin, ki kuma rage kallon matan da ke nuna kwalabe cike da nonon da suka tatsa, don jikin kowace mace da nasa hali.

Akwai abin da waya ba za ta yi miki ba. Idan zafin shayarwa ya ƙi lafawa, ko nono ya kumbura ya yi ja tare da zazzaɓi, ko jaririn ya yi lis ba ya farkawa ya sha, ko idanunsa da fatarsa suka yi rawaya, ki tafi asibiti a ranar. Idan kuma likita ya ga akwai bukatar ƙarin madara, ki karɓa da zuciya ɗaya, wannan bai rage miki komai a uwanci ba.

Ki sa maigidanki ya kalli darussan tare da ke, domin ya san abin da zai faɗa miki a daren da kika gaji. Ni ma ki turo mini su in gani kafin in zo. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana abin da za ki haifa.

Mahaifiyarki