A Daina Yar da Littafin Bayani Tare da Kwali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu saye da sayar da kayan lantarki a Kaduna kan littafin bayanin amfani da ke zuwa cikin kwalin sabuwar na'ura, wanda sau da yawa tun a bakin shago ake yar da shi.

Wanda ya sayi janareto a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yakan tsaya ga abin da yaron shago ya faɗa masa, alhali kuwa kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta yadda za a kula da shi dalla-dalla. Littafin injinan Honda GX, alal misali, ya ce a canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata 6. Tun a shafukan farko aka gargaɗi mai shi kada ya kunna inji cikin ɗaki ko zaure, domin hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska marar wari da ke kashe mutum yana barci.

Kayan gwanjo su ne suka fi wahala, tunda babu littafi tare da su. Na'urar da aka ƙera wa kasuwar Amurka tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma in aka jona ta ba tare da taransifoma ba, sai a nemi mai gyara. Amma samun littafin ba shi da wuya. A duba takardar da ke manne a baya ko ƙarƙashin na'urar, a kwafi sunan kamfani da lambar samfurin daidai, domin harafi ɗaya kan raba na'ura da 'yar'uwarta, sannan a nema a shafin kamfanin na intanet, inda manyan kamfanoni kan ajiye shi kyauta a matsayin PDF. Shafin da ya buƙaci a fara sauke wata manhaja kafin ya bayar da littafin, gara a bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Ana buga littattafan nan da Turanci da Faransanci da Larabci, ba safai ake ganin Hausa ba, ga shi dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Ina kira ga dillalan da ke shigo da kayan nan su haɗa kai da makanikan kasuwar Panteka da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su fitar da shafi ɗaya na Hausa mai ɗauke da gargaɗi da lokutan canjin mai, a liƙa shi a jikin kowane inji kafin ya bar shago.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Kaduna.