Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Malaman Labarin Ƙasa a Ƙauyukan Haɗejiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da izinin shugaba da iyayen ƙungiya, ga bayanin abin da muka gudanar a bana kan batun da babban taro ya zaɓa, wato takara da haɗin kan ƙasashe wajen tafiyar da yankunan ƙanƙara na ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya, Aktik da Antatika. Membobi za su tuna cewa sai da aka kai ruwa rana kafin a amince da shi, domin wasu dattawanmu sun ce wanda ke fama da ambaliya da kacalla ba shi da lokacin zancen ƙanƙarar da bai taɓa gani ba. An tsara zama huɗu, uku suka yiwu, na watan Agusta kuwa ruwa ya yanke hanya aka fasa.

Zaman farko ya tsaya kan Antatika. Mai gabatarwa ya bayyana cewa ƙasashe 12 ne suka sa hannu kan yarjejeniyarta a birnin Washinton ranar 1 ga Disamba 1959, ciki har da Amurka da Tarayyar Sobiyat da ke zaman doya da manja a lokacin, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu a cikinsu. Ƙasashe bakwai suna iƙirarin mallakar sassan nahiyar, har rabon Biritaniya da Ajantina da Chile ya hau kan juna, amma yarjejeniyar ba ta ba kowa gaskiya ba: ta jingine iƙirarin, ta hana ayyukan soja, ta buɗe ƙofar bincike. A 1991 aka ƙara da ƙa'idar Madrid wadda ta haramta haƙar ma'adinai, kuma daga 2048 ana iya neman a sake duba ta.

Zama na biyu, na Aktik, shi ne ya fi zafi, har muka wuce la'asar. Bambancin shi ne Aktik teku ne da ƙasashe suka kewaye, akwai mutane a gefensa, kuma bincike ya nuna cewa tun daga 1979 yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Da ƙanƙara ta fara ja da baya sai hanyar jiragen ruwa ta gaɓar Rasha ta ƙara buɗewa, ido kuma ya koma kan mai da gas da kifi. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 200 na teku daga gaɓarta, abin da ya wuce nan sai da hujjar kimiyya, shi ya sa Rasha da Denmak da Kanada suke jayayya kan tudun Lomonosov da ke ƙarƙashin ruwa, inda a 2007 Rasha ta kafa tutarta a ƙasan teku daidai ƙuryar arewacin duniya. Wani malami daga cikinmu, wanda manomin rani ne, ya ce shi ya gane zancen sarai, domin muddin ruwa na kwance a fadama ba a jin bakin kowa, sai ranar da ya janye kowa ke tuno iyakar kakansa. Da wannan misali muka ci gaba da koyarwa har ƙarshen shekara, kuma a ganin sakatare ya fi duk taswirar da muka zana amfani.

Mun kuma duba Majalisar Aktik, wadda ƙasashe takwas suka kafa a Ottawa a 1996 tare da ba ƙungiyoyin 'yan asalin yankin kujerar dindindin, uku da farko, daga baya suka kai shida. A Maris 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, sauran bakwai suka dakatar da zama da ita, daga baya Finland da Suwidin suka shiga ƙawancen NATO. Sin ma, da ta samu kujerar 'yar kallo a 2013, ta kira kanta maƙwabciyar Aktik a 2018. Duk da haka, a shekarar 2018 ɗin aka amince a hana kamun kifi na kasuwanci a tsakiyar tekun, hanin da ya fara aiki a 2021 na tsawon shekara 16, tun kafin kowa ya jefa koma. Membobi sun kwatanta wannan da rabon ruwan koginmu tsakanin na sama da na ƙasa tun bayan gina madatsar Tiga.

Zama na uku na ɗalibai ne. An sayo ƙanƙara daga gari a cikin kula, kafin babur ya iso kusan rabi ya narke, amma saura ya wadatar. Aka sa dunƙule ɗaya cikin ruwan roba, ɗaya kuma a kan bulo a wata robar, aka ja layi da alli a bakin ruwan kowacce. Ta farko ruwanta bai wuce layi ba, ta biyu ta haura, nan yara suka ga dalilin da ya sa ƙanƙarar da ke kan tudu, irin ta tsibirin Girinlan da ke Aktik wadda za ta ɗaga teku kimanin mita 7 in ta narke duka, ta shafi Legas da Fatakwal. A muhawarar da ta biyo baya, ɗalibai mata da suka kare ci gaba da hana haƙar ma'adinai a Antatika su suka yi nasara.

Ta fuskar kuɗi, kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, don haka taswirar duniya mai siffar ƙwallo guda biyu kawai aka saya maimakon biyar, kuma ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Kwamiti yana ba da shawarar a mayar da zaman da aka fasa zuwa bayan girbi, a ware shi ga Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, a auna ta da Majalisar Aktik. Ana roƙon waɗanda ake bi bashi su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya