Yaran da tallafin Birtaniya bai kai gare su ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan sanarwar da gwamnatin Birtaniya ta yi a kasafin kuɗinta na Nuwamba 2025, cewa za ta soke dokar da ta fara aiki a 2017, wadda ta taƙaita tallafin kuɗin da ake ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi ga 'ya'ya biyu kacal a gida. Alƙaluman gwamnatin kanta na shekarar 2023/24 sun nuna yara kusan miliyan 4 da rabi na cikin talauci, saboda haka matakin ya dace, ko da yake ya makara.

Sai dai akwai yaran da wannan ruwa ba zai kai gonarsu ba. Wanda ya shigo da bizar aiki ko ta karatu ba shi da damar taɓa tallafin gwamnati, alhali ana cire masa haraji kamar kowa. A wurin rabon abinci na unguwarmu na ga wata 'yar Najeriya mai aikin kula da tsofaffi. Daga aikin dare ta fito, rigar aiki a jikinta, tana layin gwangwanin wake da madara, ɗanta na riƙe da hannunta. Haya da kuɗin ɗumama ɗaki sun cinye albashin tun wata bai raba ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron nan bai zaɓi bizar uwarsa ba.

A 2022 Ingila ta buɗe wa yaran irin waɗannan gidaje masu ƙaramin ƙarfi abincin makaranta kyauta. Ina roƙon gwamnati ta yi haka a kan tallafin yara, ƙungiyoyinmu na mazauna nan kuma su kai wannan koke ga 'yan majalisar mazaɓunsu.

Wassalam,
Mai karatu daga Manchester, Ingila